Hannun da Ke Mutuwa da Dare da Yatsan da Ke Maƙalewa: Yadda Ake Gane Su da Matakan Magani

Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare mutum zai farka ya ji hannunsa ya mutu, yatsu na zugi kamar ana tsira musu allura. Sai ya zauna bakin gado yana yarfe hannun kamar wanda ya gama alwala, har ya sake shi ya koma barci. Da safe, telan da ya shekara ashirin yana aiki a Kasuwar Barci ta Kaduna zai ga allura ta zame daga yatsunsa bai ji faɗuwarta ba. Wata kuma yatsanta na zobe ne ke kwana a lanƙwashe, sai ta sa ɗaya hannun ta ɓalle shi da ƙarfi ya ce ƙas. A gida duk sunansu ɗaya, wai sanyi ne, a shafa man zafi, a sayo haɗin ƙwayoyi a kemis. Haka ake cin watanni, wani lokaci shekaru, har tsokar hannu ta zube. Abin takaicin shi ne mafi yawan waɗannan matsaloli suna warkewa idan aka kama su da wuri, kuma matakin farko na gane su mutum zai iya yin sa a ɗakinsa.

Kafin a shiga matakan, akwai kalma ɗaya da ke rikita zance tsakanin majinyaci da likita. A Hausa jijiya sunan abu uku ne: wadda jini ke bi, wadda ke kai saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓa, da kuma farar igiyar nan mai ƙarfi da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. A nan za mu kira ta biyu jijiyar saƙo, ta uku kuma igiyar tsoka. Mutuwar hannu matsalar jijiyar saƙo ce. Maƙalewar yatsa matsalar igiyar tsoka ce. Suna yawan zuwa tare a hannu ɗaya, musamman ga mai ciwon suga, amma maganinsu ya bambanta.

Mataki na farko: wane yatsa ne yake mutuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma yawancin mutane ba su taɓa lura ba, sai dai su ce hannun ne gaba ɗaya. Daren da abin ya tashe ka, kafin ka yarfe hannun, ka sa farcen ɗaya hannun ka taɓa tsinin kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ka kula musamman da ƙaramin yatsa.

Idan babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin yatsan zobe ne suka mutu, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau, to matsalar tana wuyan hannu. A can akwai wani ƙunƙuntaccen kwararo mai kama da kwalbati: ƙasansa da gefunansa ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ne guda 8, rufinsa kuma wani tantani ne mai tauri da kauri da ba ya miƙewa. Ta cikinsa igiyoyin tsoka 9 ke wucewa zuwa yatsu, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Duk abin da ya kumbura a ciki, jijiyar ce mai laushi, ita ke shan matsi. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira kafal tonel. Dalilin da ya sa yake tashi da dare shi ne yawancinmu muna barci da wuyan hannu a naɗe ƙarƙashin kunci ko matashi, lanƙwasawar kuma tana ƙara matse kwararon.

Idan kuwa ƙaramin yatsa ne da rabin na zobe, wata jijiyar ce daban, kuma galibi a gwiwar hannu take matsuwa, daidai wurin nan na ciki da in ka buge shi kake jin kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa. Direban da ke jingina gwiwar hannu a tagar mota daga Kawo zuwa Zariya kullum, da mai riƙe waya a kunne na tsawon lokaci, da mai kwana da hannu a naɗe a ƙirji, su ne ta fi kamawa. Masu babur da keke kuma tana iya matsuwa musu a gindin tafi, inda suke danna kan abin tuƙi.

Idan mutuwar tana saukowa ne daga wuya ta bi kafaɗa da damtse, tana ƙaruwa in an juya kai ko an ɗauki kaya a ka, a duba ƙashin wuya. Idan hannu biyu ne da ƙafa biyu, duk yatsu ba bambanci, kamar an sa safa, kuma a ƙafa abin ya fara, wannan lalacewar jijiyoyi ce ta jiki gaba ɗaya: ciwon suga, ƙarancin bitamin B12 (wanda shan maganin suga mai suna metformin na shekaru kan jawo), giya, ko maganin tarin fuka mai suna isoniazid idan ba a haɗa shi da bitamin B6 ba. Wanda kuma ya yi barci mai nauyi da damtsensa a kan bayan kujera ya tashi wuyan hannunsa na reto ba ya ɗaguwa, wata jijiyar saƙo ce daban ta dannu a damtse, kuma yawanci tana dawowa cikin makonni zuwa 'yan watanni, amma sai likita ya tabbatar ba shanyewar ɓarin jiki ba ce.

Mataki na biyu: gwaje-gwajen gida

Ka haɗa bayan hannayenka biyu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, wuyan hannu a lanƙwashe sosai. Ka riƙe daƙiƙa 60 kana kallon agogo. Idan mutuwar ko tsirar allurar da ka saba ji ta taso a yatsun nan uku da rabi, alama ce mai ƙarfi ta matsi a wuyan hannu. Ciwon gaɓa kawai ba ya cikin lissafi, abin da ake nema shi ne jin da ke tashin ka da dare.

Na biyu, ka sa babban yatsan ɗaya hannun ka danna tsakiyar wuyan hannu, daidai layin da ya raba tafi da sangalin hannu, daƙiƙa 30. Na uku, ka ƙwanƙwasa wurin a hankali da tsinin yatsa, ka ji ko wani abu kamar lantarki zai harba zuwa yatsu. Ga jijiyar gwiwar hannu, ka naɗe gwiwar iya naɗuwa na minti ɗaya ka saurari ƙaramin yatsa.

Sannan ka buɗe tafukanka biyu a wuri mai haske ka gwada tudun naman da ke gindin babban yatsa. A lafiyayyen hannu a cike yake kamar cinyar kaza. Idan ɗaya ya lotsa, ko ka ga rami a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni, ko ƙaramin yatsa da na zobe sun fara ƙanƙancewa kamar farcen shaho, jijiyar ta daɗe a matse har tsokar da take ciyarwa ta fara mutuwa. Mai wannan alama ya tsallake duk matakan gida da ke ƙasa, ya nemi likitan ƙashi ko na tiyata a makon nan. Haka ma wanda mutuwar ta daina zuwa tana tafiya, ta zauna dare da rana. Akwai wata yaudara a nan da ya kamata a sani: wani lokaci zugin dare yakan lafa da kansa bayan shekaru, mutum ya ɗauka ya warke, alhali jijiyar ce ta gaji har ta daina kai ƙara.

Waɗannan gwaje-gwaje manuniya ce kawai, suna iya fitowa lafiya ga mai ciwon. Inda ake shakka likita kan tura a yi gwajin gudun saƙo a jijiya da na'urar lantarki, wadda ba kowane asibiti ke da ita ba.

Abubuwan da ba a jira da su

Hannu ya mutu ko ya saki farat ɗaya tare da karkacewar baki, sarƙewar harshe ko jan ƙafa: asibiti nan take, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna.

Yatsan da ƙayar kifi, allura, ƙusa ko haƙori ya soka, bayan kwana ɗaya ko biyu ya kumbura tun daga gindi har tsini, ya ɗan lanƙwashe, in an yi ƙoƙarin miƙe shi mutum ya yi ihu: mugunya ce ta shiga kuben igiyar tsoka. A ranar ake zuwa asibiti, domin sau da yawa sai an buɗe an wanke. Kwana uku na jira na iya barin yatsa a sandare har abada.

Sai kuturta, wadda mutane ke ɗauka ta ƙare alhali har yanzu ana samun ta a Arewa. Tana son jijiyar gwiwar hannu ƙwarai. Idan mutuwar ƙaramin yatsa ta zo tare da wani tabo a fata da ya fi sauran jiki haske kuma ba ya jin taɓi, ko jijiyar ta yi kauri kamar igiya in an shafa bayan gwiwar hannu, ko mutum yana ƙonewa wajen girki bai ji ba, a je a duba. Maganinta kyauta ne, ana shan sa wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'inta, kuma a Saye kusa da Zariya akwai cibiyar ƙasa ta horo kan tarin fuka da kuturta. Guntulewar yatsu da ake tsoro tana biyo bayan jinkiri ne, wanda ya zo da wuri yakan tsira da hannunsa.

Mataki na uku: a nemo abin da ya kumbura kwararon

Aiki kaɗai ba kasafai yake zama dukan dalili ba. Gaskiya ne cewa riƙe abu da ƙarfi ana maimaitawa, da injin da ke girgiza hannu, suna taimakawa: mai gurza ƙarfe a Panteka, mai injin markaɗe, mai kitso, mai ɗinkin hula, mai matse wanki, mai tuƙa tuwon gida babba da muciya. Amma mata sun fi maza kamuwa, an fi ganin sa daga shekara 40 zuwa 60, kuma akwai cututtukan da ke ɓuya a bayansa. Duk mai mutuwar hannu ko maƙalewar yatsa ya gwada suga, ko da ba ya jin komai. Sugan safe kafin a ci abinci da ya kai 126 a ma'aunin mg/dl, wato 7.0 a ma'aunin mmol/l, yana buƙatar a maimaita a tabbatar. Mutane da yawa ta hanyar yatsa ake gano musu ciwon suga.

Sauran su ne ƙiba, raunin aikin tayirod (halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo), amosanin gaɓɓai mai kumbura gaɓoɓin yatsu na hannu biyu da sandarewar safe da ke wuce awa ɗaya, tsohuwar karayar wuyan hannu da ta ɗoru a karkace, da ciwon ƙoda. Juna biyu ma babban dalili ne, musamman a watanni ukun ƙarshe lokacin da jiki ke tara ruwa. Na mai ciki yawanci yana tafiya da kansa cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa, don haka ba a gaggawar tiyata. Sai dai mai cikin da hannu da fuska suka kumbura mata da sauri, ga ciwon kai, ta je a auna mata hawan jini a ranar.

Mataki na huɗu: maɗaurin dare

A cikin duk abin da ake yi a gida, wannan ne ya fi aiki, kuma shi aka fi yi ba daidai ba. Manufarsa ɗaya ce, wuyan hannu ya kwana a miƙe sak, bai lanƙwasa gaba ba, bai ɗaga baya ba.

Wanda ake sayarwa a manyan kemis da shagunan kayan asibiti yana da ɗan ƙarfe a ciki ta gefen tafi, kuma galibi daga kamfani ƙarfen a tanƙware yake yana ɗaga hannu baya. Ka zare shi daga aljihunsa, ka ɗora a kan benci ka danna har ya kusa miƙewa, ka mayar. Maɗaurin ya tsaya a layin tsakiyar tafi domin yatsu su iya dunƙulewa. Ka ɗaure yadda yatsa ɗaya zai iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Matsewa da yawa na ƙara ciwon da ake gudu, kuma idan ka tashi da yatsu a kumbure ko shatin maɗauri a fata, ka matse fiye da kima.

Wanda ba shi da kuɗin saye zai iya yanka kwali mai kauri ya ninka shi uku, faɗin yatsu huɗu, tsawonsa daga tsakiyar sangali zuwa layin tsakiyar tafi, ya naɗe shi da tsumma mai laushi, ya ɗora ta gefen tafi, ya naɗa bandeji a sake. A lokacin zafin Maris da Afrilu a sa tsohuwar safar auduga da aka yanke kanta a ƙarƙashi saboda gumi.

Kowane dare za a sa, mako 6 a jere. Masu sa shi kwana uku su cire su ce bai yi ba, ba su ba shi dama ba. Da rana ba a so a wuni da shi, sai lokacin aikin da ke tayar da ciwon, don kada gaɓar ta sandare.

Ga jijiyar gwiwar hannu kuwa tawul ake amfani da shi: a ninka shi, a naɗe gwiwar hannun da shi kamar tabarma, a kama da bandeji ko fil, yadda gwiwar ba za ta naɗu sosai cikin barci ba. Da rana a daina jingina ta a kan tebur ko tagar mota, waya kuma a sa ta a sifika. Wannan jijiya tana da jinkirin farfaɗowa, a ba ta wata 3.

A wajen aiki, a naɗa tsumma ko robar tayar keke a hannun almakashi, muciya, wuƙa ko sukundireba har ya yi kauri, saboda abu mai kauri ba ya buƙatar damƙa mai ƙarfi. Duk rabin awa a saki hannu minti biyu. Wanki a matse shi kashi-kashi maimakon murɗa zani guda da ƙarfin wuyan hannu.

Yatsan da ke maƙalewa

Ka tuna zariyar wando da ƙubakarta. Igiyar tsokar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wasu zobba da ke riƙe ta jikin ƙashi, na farkonsu yana cikin tafi, daidai gindin yatsa. Idan zoben ya yi kauri, ko igiyar ta yi ɗan ƙulli, sai ta riƙa cijewa a bakin zoben kamar zariya mai ƙulli a bakin ƙubaka. Tsokar dunƙulewa ta fi ta miƙewa ƙarfi, shi ya sa yatsan ke shiga amma ya kasa fitowa. Ya fi kama yatsan zobe da babban yatsa, ya fi tsanani da asuba.

Mutane kan nuna gaɓar tsakiyar yatsa su ce nan ne ciwon, domin nan suke ganin ɓallewar. Ka sa yatsanka a tafi, gindin yatsan da ke ciwo, ka danna, ka motsa shi: za ka ji ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake yana kai da kawowa, wurin kuma da zafi. Nan matsalar take.

Yana tafiya hawa-hawa. Da farko zafi ne kawai a gindin yatsa. Sai ya fara cijewa amma yana miƙewa da kansa. Sai ya kai ga sai an sa ɗaya hannun. A ƙarshe ya kulle, ko an ja ba ya miƙewa, gaɓar tsakiya ta sandare. A hawa biyun farko, ɗaure yatsan a miƙe da dare na mako 6 zuwa 10 yakan wadatar: ɗan katakon nan da likita ke danna harshe da shi, a naɗe shi da auduga, a ɗora ta cikin yatsa, a kama da filasta sama da ƙasan gaɓar tsakiya ba tare da matsewa ba. Da safe a jiƙa hannu a ruwan ɗumi minti 5 zuwa 10 kafin a fara motsa shi. Kada a riƙa ɓalle shi ana maimaitawa don gwaji, kuma kada a matsa ƙwallon roba. Shawarar matsa ƙwallo ta yaɗu sosai, amma ga wannan ciwon da na wuyan hannu ƙara kumburi take yi.

Akwai ɗan'uwansa da ke kama masu jego: zafi a gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa, daga yawan ɗaga jariri ta hammata da babban yatsa a buɗe. In aka sa babban yatsa cikin dunƙulen hannu aka karkata wuyan hannu wajen ƙaramin yatsa, zafin kan harba. Maganin farko shi ne a canza ɗauka, a tallabo jariri ta ƙarƙashi da tafi da sangali, a sa maɗaurin da ya haɗa da babban yatsa. Ƙaramin yaro kuma da aka ga kan babban yatsansa a lanƙwashe ba ya miƙewa, a kai shi likita, kada a ja da ƙarfi.

Mai ciwon suga na shekaru ya haɗa tafukansa biyu, yatsa kan yatsa. Idan haske na wucewa tsakaninsu saboda yatsun ba sa kwanciya, suga ya fara taurara naman gaɓoɓin, kuma alama ce ta a duba ido da ƙoda.

Motsa igiyoyin tsoka

Siffa biyar ce, a jere, wuyan hannu a miƙe. Yatsu a miƙe sak. Sai a lanƙwasa gaɓoɓi biyu na sama kawai, kamar ƙugiya. Sai cikakken dunƙule ba tare da matsewa ba. Sai a lanƙwasa gindin yatsu kaɗai, sauran a miƙe, kamar rufin tebur. Sai tsinin yatsu su sauko su taɓa gindin tafi, gaɓar ƙarshe a miƙe. Kowace siffa daƙiƙa 5, a koma miƙe tsakaninsu, a zagaya sau 5 zuwa 10, sau uku a rana. Wanda ya ɗaura shi da lokutan salla ba ya mantawa. Jan nama kaɗan ba laifi. Idan mutuwar hannu ta taso ko yatsa ya kulle, a rage.

Magunguna, da abin da ba sa yi

Parasitamol na rage zafi, babba kada ya wuce giram 4 a awa 24. Ibuprofen da diclofenac suna taimaka wa zafin igiyar tsoka na 'yan kwanaki, amma ba sa buɗe jijiyar da ta matsu, kuma shan su wata da watanni na jawo gyambon ciki da lalata ƙoda. Mai juna biyu, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda kada su sha sai da izinin likita. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna ya fi haɗari, domin sau da yawa akwai sitiroyid, wato wani maganin kumburi mai ƙarfi, a ciki: mutum zai ji daɗi mako guda, sugansa ya hau, fuska ta kumbura. Bitamin na jijiya yana amfani ne ga wanda yake da ƙarancinsa. Tsaga da ƙaho a fata suke tsayawa, matsin kuwa yana can ciki ƙarƙashin rufin kwararon, ga mai suga kuma raunin na iya ruɓewa. Gashi da ruwan zafi a hannun da ba ya ji yana ƙona fata mutum bai sani ba, don haka kullum a gwada ruwan da lafiyayyen hannu.

Sandarewa bayan rauni ko ɗori

Da zarar hannu ya ji rauni, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi. A ɗaga hannun sama da ƙirji, kan matashi biyu in an kwanta. Kumburin da aka bari ya kwana a hannu shi ke zama kamar danƙo ya manne igiyoyin tsoka. Duk yatsan da ba a ɗaure ba a motsa shi tun ranar farko, haka kafaɗa da gwiwar hannu. Simintin karayar wuyan hannu ya kamata ya tsaya a layin tsakiyar tafi, idan ya rufe gindin yatsu a koma a rage shi.

Ɗaurin da ya matse, na kara ne ko na asibiti, shi ne babban mai nakasa hannun yara. Alamominsa: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihu in an miƙe yatsu a hankali, yatsu sun kumbura sun yi sanyi ko sun mutu, farce in an danna ba ya komawa ja cikin daƙiƙa 2. Tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin 'yan awanni. A kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko tsakar dare ne. Maganar a daure zuwa safiya ita ce ke barin yaro da ƙanƙantaccen hannu ko ta kai ga yankewa.

Bayan an cire ɗauri, a auna ci gaba da rula: a dunƙule iya ƙoƙari, a auna santimita nawa ya rage tsakanin tsinin yatsa da tafi, a rubuta duk mako. Miƙewa a hankali da ake riƙewa daƙiƙa 30 ana maimaitawa ta fi fizga ɗaya mai ƙarfi, wadda ke yaga nama ta ƙara tabo. Idan mako biyu sun wuce adadin bai ragu ba, a nemi sashen fisiyo, wanda aka fi sani da gashin ƙashi.

Mataki na biyar: allura da tiyata

Idan mako 6 na maɗauri sun wuce ba sauƙi, lokacin likita ya yi. A Kaduna ana iya farawa daga babban asibiti kamar na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko a nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Asibitin Sojoji na 44. Masu buƙatar ƙwararrun hannu akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka tafi da bayani a shirye: waɗanne yatsu, tun yaushe, dare nawa a mako yake tashin ka, me ka gwada, da kwalayen magungunan da kake sha.

Allurar sitiroyid a daidai wurin tana rage kumburi. Ga maƙalewar yatsa tana warkar da mutane da yawa, ko da yake ba ta cika aiki ga masu suga kamar sauran ba. Ga wuyan hannu sauƙinta kan yi watanni, sannan ciwon ya dawo wa da yawa. Wurin kan yi zafi kwana ɗaya ko biyu kafin sauƙi ya zo, fatar wurin kan yi haske, suga kuma kan hau na kwanaki, don haka mai suga ya riƙa aunawa har mako guda. Ba a wuce biyu ko uku a wuri ɗaya saboda tana raunana igiyar tsoka. Likitan da ya san wurin ne kaɗai zai yi ta. Allurar da ta shiga cikin jijiyar kanta na iya lalata ta, shi ya sa idan ka ji lantarki ya harba yatsu lokacin da ake sokawa, ka faɗa nan take a tsaya.

Tiyatar ba babba ba ce. Ana kashe wurin da allura, mutum idonsa biyu, a yi 'yar tsaga a gindin tafi a raba rufin kwararon, ko a gindin yatsa a raba zoben da ke cije igiya. Galibi ba ta wuce rabin awa, a koma gida a ranar. Kwana biyun farko hannu a sama, yatsu na motsi tun daga yammacin ranar. Ciwon ya zauna a bushe har a cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Game da alwala, akwai sauƙin shafa a kan ɗauri a fiƙihu, a tambayi malami yadda ake yi maimakon a jiƙa ciwon. Bayan ya rufe sarai, a murza tabon da man kaɗanya minti 5, sau biyu ko uku a rana. Ƙananan ayyuka daga mako 2, aikin ƙarfi irin na makaniki ko daka sai mako 6 ko fiye. Gindin tafi kan yi tsami in an dafa ƙasa wajen sujada ko tashi daga tabarma, wani har wata 3, kuma wannan ba alamar aikin ya ɓaci ba ne. Ja, zafi mai bugawa, mugunya ko zazzaɓi su ne ke mayar da mutum asibiti da gaggawa.

Zugin dare yakan ɗauke tun daren farko ko cikin 'yan kwanaki. Jin tsinin yatsu kuwa ya danganta da daɗewar matsin: jijiyar da ta lalace tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, don haka wanda ya zo da mutuwar dare da rana zai iya jiran wata 6 zuwa shekara kafin ya san iyakar abin da zai dawo. Tudun babban yatsan da ya riga ya lotsa ba lallai ya sake cika ba, amma ko a lokacin ana yin aikin don a tsayar da ɓarnar a kuma ceci sauran jin da ya rage. Har jin ya dawo, mai girki ta riƙa ɗaukar murfin tukunya da tsumma, tela kuma ya duba tsinin yatsunsa kowace yamma ko allura ta soke shi bai ji ba.